Neman aiki bai kamata ya cinye wa matashi damina ba

Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu na karkarar Kano da Jigawa masu NCE da difloma da digiri. Ka tambayi yaro me yake ciki yanzu, sai ya ce maka, "Wallahi ina nan dai ina neman aiki." In ka bi diddigin neman nan, sai ka tarar fom biyu ko uku ne ya cike a intanet cikin wata shida, ya yi ta zarya sakatariyar ƙaramar hukuma ba tare da ya ga wanda ya je nema ba, sauran lokacin kuwa yana majalisa riƙe da waya yana duba ko an saki sunaye. A tsakanin nan an yi shuka, an yi noman farko, an yi maimai, gayaunarsa kuwa ciyawa ta cinye ta.

Abin yana ci mini rai, domin yaran nan ba malalata ba ne. Suna shan wahala, suna kashe kuɗi, suna zubar da ƙafa. Sai dai suna zuba ƙarfinsu a inda ƙarfi ba ya ƙara komai, suna barin inda yake ƙarawa.

Ra'ayina shi ne: aikin gwamnati a neme shi, amma kada ya ci fiye da sa'o'i kaɗan a mako. Kaso mafi tsoka na lokacin mai neman aiki ya tafi ga abubuwa uku: aikin da zai kawo masa kuɗi a makon nan, sana'ar da yake koyo, da kuma zuwa wurin mutanen da bakinsu kaɗai ya isa su ce "zo gobe ka fara." Kuma a yi rabon nan da la'akari da lokutan shekara, domin Yuli a Ringim ko Rano ba ɗaya yake da Fabrairu ba.

Me ya sa aikin gwamnati zai samu kaso kaɗan?

Saboda lissafi. Ranar 15 ga Maris 2014 hukumar shige da fice ta kira jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Sama da mutum 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. An yi turmutsutsu a filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, aka rasa rayuka. Wato ko da an yi komai bisa gaskiya, a cikin kowane mutum ɗari ɗaya ne zai samu. A 2020 da aka buɗe rukuni na uku na N-Power, shirin gwamnatin tarayya na sama wa matasa aiki, sama da mutum miliyan 5 suka cike fom, alhali shirin na wucin gadi ne, alawus ɗin masu digiri naira 30,000 a wata.

Wannan bai sa a daina nema ba. Wani yana samu, kuma yana iya zama kai. Abin lura shi ne, da zarar ka cike fom daidai ka tura, ƙoƙarinka ya ƙare har sai an kira tantancewa. Duba waya sau talatin a yini ba zai matso da sunanka gaba ba. Zaman jira ba ya cikin sharuɗɗan da aka gindaya.

Inda ƙoƙari yake da amfani a wannan fannin shi ne kafin a buɗe shafin. A nan ne kuma matasanmu suka fi sakaci.

Gyara takardu sau ɗaya, tun ba a nema ba

Ware mako guda a lokacin rani, bayan an gama kai amfani gida, ka baje takardunka duka a kan tabarma: sakamakon WAEC ko NECO, takardar kammala firamare, NCE ko difloma ko digiri, takardar bautar ƙasa ko ta ɗauke ta, katin NIN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma. Ka duba abu biyu kawai: suna da ranar haihuwa.

Matsalar da ta fi kayar da yaranmu a wurin tantancewa ke nan. A takardar sakandare an rubuta Mohammed, a NIN Muhammad, a ta ƙaramar hukuma Muhammadu. Wani a wata takardar yana da sunan garinsu a ƙarshe, a wata babu. Wani a NIN an sa masa 1 ga Janairu saboda ranar rajista bai tuna ba, takardar kotu kuma ta ce Agusta. Jami'in tantancewa yana da ɗaruruwan mutane a layi, kuma yana neman dalilin rage su. Wannan ya ishe shi. Gyaran NIN yana cin kuɗi, yana kuma ɗaukar lokaci, ba a gama shi cikin 'yan kwanakin da ake bayarwa tsakanin fitar sunaye da ranar tantancewa.

In takardu sun daidaita, a je kafe sau ɗaya a ɗauki hotonsu a kwamfuta, a rage musu nauyi yadda shafukan ɗaukar aiki za su karɓa, a ajiye a waya a kuma tura cikin imel. A yi fotokwafi kamar saiti biyar, da hoton fasfo dozin guda, a sa a jakar leda mai zik saboda ruwa da gara. Mai NCE ko digirin koyarwa ya yi rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, domin ana tambayarta.

Ga wani kuskure da yake sa mutum ya rasa aikin da ya riga ya samu hanyarsa. Yaro ya je kafe a Gumel ko Bichi, ba shi da imel, sai mai kafe ya sa nasa ko ya ƙirƙiro masa wani a gurguje, ya sa kalmar sirri da shi kaɗai ya sani. Bayan wata huɗu saƙon gayyata ya shiga can, ba wanda ya gani. Imel ya zama naka, kalmar sirri ka rubuta ta a littafi, lambar wayar da ka bayar ta zama wadda take kunne kullum, kuma ka fitar da takardar shaidar cike fom mai ɗauke da lambarka kafin ka bar wurin.

Sannan a karanta sharuɗɗa kafin a biya mai kafe. Ɗaukar kuratan 'yan sanda yana neman shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da tsayin mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace. Wanda ya kai 29 ko ba shi da kiredit a Lissafi, kuɗinsa da yininsa kawai zai yi asara. Gara ya sa kuɗin nan ya sake zana jarrabawar da ta kayar da shi. Kuma tunda yanzu yawancin jarrabawar ɗaukar aiki a kwamfuta ake yi, wanda bai saba ba ya biya sa'a biyu ko uku a kafe ya koyi riƙe linzamin kwamfuta da zaɓar amsa. Wannan ya fi masa amfani a kan zuwa gidan kansila sau goma.

Bayan wannan shiri, cike sabon fom aikin rabin yini ne. Kada a je ranar farko da aka buɗe shafi, kada kuma a bari sai ranar ƙarshe, a waɗannan ranakun ne cunkoso yake hana shi buɗuwa.

Zaryar sakatariya

Kowa ya san yadda take. Ka tashi da asuba, ka hau babur zuwa bakin titi, ka shiga mota zuwa Dutse ko sakatariyar Audu Bako a Kano. Ka isa ƙarfe goma, masinja ya ce oga bai shigo ba. Ka zauna a benci da fayil a cinya har azahar. A ce maka ya shigo amma yana mitin. La'asar ta yi a ce ya fita ta ƙofar baya, ka dawo Talata.

Yi lissafi. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan abin da za ka ci ya kama naira 5,000. A ce ƙwadagon da ka bari a ranar zai ba ka 3,000. Tafiya ɗaya ta ci maka 8,000. In ka yi ta sau biyu a wata tsawon wata shida, ka haura 90,000. Sa farashin garinku a maimakon nawa, za ka ga abin da nake nufi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama abin wasa, amma ɗabi'ar zarya ba ta canza ba.

Ƙa'idar da nake ganin ta dace: kada ka hau mota sai da ɗaya daga cikin uku. Ko an fitar da sanarwa a hukumance mai ranar rufewa, ko an kira ka da sunanka, ko wanda za ka gani ya amsa waya a daren jiya ya ce yana nan. In ka je wuri sau uku ba ka fito da rana ko suna ko takarda ba, rufe wannan babin. Kira a waya bayan mako biyu ya wadatar.

Mutanen da suke iya cewa "zo ka fara"

Mai makaranta mai zaman kanta a Wudil ko Kazaure. Shugaban Islamiyya. Mai injin casar shinkafa a Kura ko Haɗeja. Dillalin hatsi da yake sayen riɗi da zoɓo yana kaiwa Dawanau ko Maigatari. Mai shagon taki da maganin feshi. Mai kemis. Mai POS da yake son buɗe rumfa ta biyu. Ɗan kwangilar da yake ginin ajujuwa a mazaɓarku. Mai haɗa sola. Babban manomin rani a Kadawa ko Auyo da yake buƙatar mai kula da 'yan ƙwadago da rubuta abin da aka kashe.

Waɗannan ba su da shafin intanet, ba sa tallata gurbi. Suna ɗaukar wanda suka gani, wanda wani amintacce ya tsaya masa. A wurinsu ba ka gasa da mutum dubu ɗari biyar, da mutum uku ko huɗu kake yi, wani lokacin ma kai kaɗai ne. Kuma abin da ɗan makaranta yake da shi, wato iya rubutu da lissafi da sarrafa waya, shi ne daidai abin da da yawansu suka rasa. Akwai 'yan kasuwar da suke juya miliyoyi a kaka amma lissafin bashinsu a ka yake, ko a bayan kwalin sabulu.

Zuwa wurinsu ma yana da tsari. Kada ka tari ɗan kasuwa ana tsakiyar ciniki ranar kasuwa. Ka same shi da sassafe kafin kaya su fara sauka, ko bayan la'asar in ya natsu. Ka tafi da wanda ya san ku duka biyu, kawunka ko limamin unguwa ko wani abokin cinikinsa, domin tambayar farko da take ransa ita ce wa zai tsaya maka in kuɗi suka ɓata. Kada ka ce, "Alhaji, a taimaka mini da kowane irin aiki." Wannan maganar tana sa mutum ya sa hannu a aljihu ya ba ka kuɗin mota ya sallame ka. Ka ce, "Alhaji, na iya rubuta shiga da fitar kaya, na iya awo, na iya tura kuɗi da duba alat. A gwada ni kasuwa biyu, in ban yi ba a sallame ni." Ka ba shi abin da zai iya amsawa da e ko a'a.

Ranakun kasuwa su ne ofishin ɗaukar ma'aikata na karkara. Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Gujungu da Dambatta ranar Lahadi. A yini ɗaya za ka ga mutum goma da suke ba da aiki, kuma kana iya yin dako ko awo ko rubutu ka mayar da kuɗin motarka. Kwatanta wannan da yinin benci a sakatariya.

Ka riƙe ƙaramin littafi. Kowane wuri layi ɗaya: rana, wanda ka gani, abin da ya ce, abin da ka kashe, ranar da za ka sake tuntuɓa. Bayan wata uku ka duba. Littafin zai nuna maka inda kuɗinka suke tafiya a banza da inda ake ba ka amsa, abin da ƙwaƙwalwa ba za ta faɗa maka ba saboda tana son wurin da ta ƙwallafa rai.

Kowane aiki da lokacinsa

Daga saukar ruwa a Yuni zuwa ƙarshen Agusta, gona ce gaba da komai ga duk wanda gidansu yake da ita. Ciyawar da aka bari mako biyu bayan lokacin noman farko ta riga ta ci rabonta a cikin amfanin, ba a dawo da shi. Takin da aka sa a makare bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba. Fom yana jira har dare, ciyawa ba ta jira. A waɗannan watannin neman aiki ya koma bayan la'asar da waya, sai fa in kiran tantancewa ne ya zo.

A cikin daminar ma akwai ayyukan da ba sa raba mutum da gida. Rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara ana yin sa ne gida-gida a watannin damina, 'yan kwanaki a kowane wata, kuma daga cikin mazaɓa ake ɗaukar masu yi. Haka rigakafin shan-inna. Wanda yake so ya gabatar da kansa ga mai kula da asibitin mazaɓa tun kafin lokacin, kada ya bari sai an riga an rubuta sunaye.

Agusta zuwa farkon Satumba lokacin makarantu masu zaman kansu ne, domin a lokacin suke cike gurbin malaman da suka tafi kafin sabon zango. Mai NCE da ya kai takardarsa a Nuwamba ya makara da wata uku.

Daga Oktoba zuwa Janairu kaka ce, kuɗi suna hannun mutane. Ana yankan shinkafa, ana kaɗe riɗi, ana tsinkar zoɓo, injinan casa suna aiki dare da rana, dillalai suna neman wakilai a ƙauyuka da za su tara musu kaya a kan kamasho. A nan ne ya fi sauƙi a shiga jikin ɗan kasuwa. Tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba ake shuka alkama a wuraren ban ruwa, daga nan tumatir da albasa da shinkafar rani su biyo baya, aikin hannu ba ya yankewa a Kura da Garun Malam da Bunkure da kwarin Haɗeja har zuwa bazara. Rani kuma shi ne lokacin gini, da lokacin koyon sana'a mai buƙatar zama wata uku ko huɗu a jere. Gabanin azumi da salla teloli da 'yan Kantin Kwari suna neman ƙarin hannu.

Wanda ya san wannan jerin ba zai taɓa cewa wata shida yana zaune ba abin yi ba.

To yaya mako zai kasance?

A wajen damina, ga yadda nake ganin ya dace. Kwana uku na aikin kuɗi, kowane iri ne. Kwana biyu na koyon sana'a ɗaya tak a wurin mai ita, ba yau walda gobe gyaran waya jibi ɗinki ba. Kwana ɗaya, wanda ya fi kyau ya zama ranar kasuwar da ta fi kusa, na ganin mutane. Duba sanarwar ɗaukar aiki sau biyu a mako, rabin sa'a kowane, a shafin hukumar da kanta. Saƙon da aka turo a WhatsApp mai cewa a tura wa mutum goma kafin fom ya buɗe ƙarya ne, bayananka da datarka ake so.

A cikin abin da ya shigo hannu a ware wani abu, ko kashi ɗaya cikin goma ne, a ajiye shi don ranar kira. Gayyatar tantancewa takan zo da gajeren wa'adi, kuma abin takaici ne a ce sunan yaro ya fito amma ya kwana biyu yana neman rancen kuɗin mota har rana ta wuce.

"Na yi karatu, kuma in koma ƙwadago?"

Wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma ba na raina ta. Uba ya sayar da rago da buhunan gero ya biya kuɗin makaranta. Gari ya san an kai yaro kwaleji. Ganin sa da fartanya a gonar wani yana da ciwo, ga shi ga iyayensa.

Amma a duba ɗaya gefen. Saurayi mai shekara 27 da yake karɓar kuɗin kati a hannun mahaifiyarsa, wannan ma gari yana gani. Kuma ba cewa nake ya tsaya a ƙwadago ba. Mai ilimi in ya shiga cikin manoman rani, cikin kaka ɗaya zai zama shi ne mai auna maganin feshi daidai, mai karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, mai rubuta wa ƙungiya sunaye in an zo rabon taki. Daga nan ake zama wakilin kamfanin iri ko mai shagon kayan gona. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da aka kira ka ganawa kuma aka ce me ka yi tun da ka gama makaranta, kana da amsa.

Haka batun makaranta mai zaman kanta. Gaskiya ne albashinsu kaɗan ne, da yawa ba su kusanci mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma wannan zalunci ne da ya cancanci a yi magana a kansa. Sai dai ana tashi da azahar, yamma taka ce. Kana samun gogewar aji, kana samun iyayen da za su ba ka darasin gida, kana samun takardar shaida daga hedimasta. In jiha ta zo ɗaukar malamai, irin J-Teach a Jigawa, wanda yake riƙe da alli shekara biyu ba zai yi rawar baki a gaban masu tantancewa ba. Sharaɗi ɗaya: makarantar ta kasance kusa. In kuɗin babur zai cinye rabin albashin, a bar ta.

"Ai aiki sai da hanya"

Ba zan musa ba, hanya tana aiki a ƙasar nan. Amma a tambayi kai: mutum nawa ne suke sammako ƙofar gidan ɗan majalisa ɗaya, kuma gurbi nawa yake da shi? Kano ƙananan hukumomi 44 ne, Jigawa 27, kowace da dubban masu takarda. Wanda za a ba gurbin yawanci an san shi tun kafin a buɗe ƙofa. Sauran ana riƙe su ne da "za a duba" har zaɓe ya zo.

In kana da wanda zai yi maka magana, yi amfani da shi da hankali. Je masa sau ɗaya, a lokacin da aka buɗe ɗaukar aiki, da takardar shaidar cike fom a hannunka, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na nema, ga lambata." Wannan buƙata ce da zai iya ɗauka ya kai wani wuri. Zaman fada kullum ba ya ƙara maka daraja a idonsa, yana mayar da kai ɗan rakiya ne.

Batun sayen gurbi kuwa, ina roƙon iyaye su yi hattara. A 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ya binciki badaƙalar sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka ji bayanan mutanen da suka biya maƙudan kuɗi. Bayan haramcin abin, wanda ya biya ba shi da inda zai kai ƙara cikin sauƙi, domin shi ma ya shiga laifin. Ana ba mutum takardar kama aiki ta bogi mai hatimi da sa hannu, sai ya je ofis a ce ba a san da ita ba. An sayar da gona ko shanun huɗa, ba aiki ba jari. Hukumomin tsaro da kansu suna rubutawa a sanarwarsu cewa neman kyauta ne. Duk wanda ya ce a turo kuɗi asusun wani mutum don a saka suna, a rabu da shi.

"Komai rabo ne"

Haka ne, kuma mun yi imani da shi. Amma manomin da ya fi kowa tawakkali a garinku ba ya shuka a kan dutse, ba ya kuma shuka a watan Maris. Yana zaɓar wuri da lokaci, sannan ya bar wa Allah sauran. Abin da nake kira gare shi ke nan.

'Yan mata da matan aure

Lissafinsu ya ɗan bambanta, domin tafiya Dutse ko Kano ba ta zo musu da sauƙi ba, ga aikin gida da yake cin safiya. Amma ta wani gefen suna da sa'a: ayyukan da suka fi buƙatarsu a kusa suke. Asibitin mazaɓa yana son mace mai takardar kiwon lafiya, aikin rigakafi na shiga gida-gida mata ake nema domin su ne suke shiga cikin gidaje, makarantun 'yan mata da Islamiyyu suna ƙarancin malamai mata. Wadda ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta fara zuwa asibitin garinsu a matsayin 'yar sa-kai kwana biyu ko uku a mako, ba kullum ba, sauran kwanakin ta riƙe ɗinki ko wata sana'ar cikin gida. Ta kuma sa wa'adi: in an shekara ba alawus ba alamar ɗauka, ta rage kwanakin. Sa-kai marar iyaka shi ma wata zaryar ce. Yayye da mazaje su ɗauke musu zuwa kafe da fotokwafi, amma lambar waya da imel su zama na mai neman.

Ci-rani

Tafiya Kano ko Abuja ko Legas bayan kaka tsohuwar hanya ce, kuma tana da amfani in an tafi wurin wani takamaiman mutum da takamaiman aiki. Wanda zai tafi ya san inda zai kwana, ya san wanda zai karɓe shi a Singa ko Ƙofar Ruwa ko Sharaɗa, ya riƙe kuɗin komowa daban, ya sa wa kansa mako uku. In sun cika bai kama komai ba ya dawo, noman rani yana nan. Kuma ya bar saitin takardunsa ɗaya a gida wurin wanda zai iya kai masa tasha in kira ya zo.

Akwai kuma abin da matasan gari ɗaya za su yi wa kansu tun daga makon nan. Maimakon mutum ashirin kowa yana ƙona data yana duba abu ɗaya, a wakilta mutum biyu masu wayar kirki, a haɗa musu kuɗin data, su riƙa duba shafukan hukumomin Litinin da Alhamis. In an buɗe wani abu su sanar a masallaci bayan sallar isha'i, tare da sharuɗɗan shekaru da takardu da ranar rufewa. Waɗanda suka cancanta su haɗa mota ɗaya zuwa kafe rana ɗaya, su nemi ragi tunda suna da yawa, sauran kowa ya wuce gonarsa ko wurin sana'arsa da safe.